Reshen da Auta ta Yanko

Yaya, na kai Auta unguwar nan taka mai bishiyoyi. Kai ka yi mata alkawarin, ni na cika shi, kuma da na san abin da zai biyo mu gida da na bar alkawarin ya bi ka inda ka tafi. Ka yi haƙuri da yadda zancen zai zo, ka san inda karatuna ya tsaya. Kai ne kake cewa rubutuna kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda.

Tun ranar da aka fita da kai, Auta ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Gwangwanayenka ta kama. Waɗannan da ka jera a gindin katanga, kowanne da reshen da ka zo da shi a aljihu daga wurin aiki, su take bi da ruwa safe da yamma, tana yi musu magana ƙasa-ƙasa. Inna takan ce, "Ɗan'uwanku ya mayar mini da tsakar gida daji, ya tafi ya bar mini mai gadin dajin." Sai ta yi dariya, sai kuma ta shige ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Wata safiya ina ɗaura takalmi, Auta ta tsaya a kaina ta ce, "Yaya ya ce ran hutu zai kai ni in ga inda yake aske wa bishiyoyi kai." Na ƙarasa ɗaura takalmin. Na ce ta je ta sa mayafinta.

Mun shiga bas har inda hayaniya ta ƙare, muka sauka muka taka. Yaya, ashe ba ƙari kake yi ba. Da muka karya kwanar farko sanyi ya sauko mana a ka kamar an buɗe firij. Bishiyoyin wannan gefe sun miƙa hannu sun kama na wancan, rana ba ta taɓa kwalta sai ɗigo-ɗigo. Katangu dogaye, furanni sun leƙo ta kansu suna zubowa. A wani gida wani ƙarfe yana juyawa shi kaɗai yana fesa wa ciyawa ruwa, Auta ta tsaya tana kallo ta ramin ƙofa har kare ya yi mana haushi muka yi gaba. Wata mata ta wuce mu a guje, da waya a kunne, babu abin da ya biyo ta. Auta ta waiga ta duba bayanta sosai, ta ce, "To wa take gudu?"

A layi na gaba ne ta ja mini riga. Ta nuna wani mangwaro, can sama inda aka taɓa cire babban reshe. Wurin ya warke, ɓawo ya naɗo ya zagaye shi kamar ido.

"Wannan Yaya ne," in ji ta.

"Ke da Allah, shi kaɗai ne mai zarto a garin nan?"

"Duba mana. A karkace yake yankawa, don kada ruwan sama ya kwanta a kai. Sauran a miƙe suke yi."

Na duba. Gaskiyarta. Daga nan yawonmu ya sake, muka daina kallon gidajen mutane muka koma kallon sama. Hannunka muka riƙa bi, daga bishiya zuwa bishiya, layi bayan layi. Wani yankan ya tsufa har ya kusa rufewa, wani sabo ne, farinsa bai gama dushewa ba. A gindin irin waɗannan sababbin sai Auta ta tsaya tana kallo, ni kuma in yi kamar ina gyara takalmi.

Da rana ta yi tsaka muka zauna wurin wani mai shayi da ya kafa teburinsa a inuwar darbejiya. Ya ɗago ya kalle ni, ludayin ya tsaya a hannunsa.

"Kai ƙanin Mai Tsani ne."

Na ce e.

"Kunnuwan ne suka tona ka. Gidanku duk haka aka raba muku su, ko shi ya ɗebi nasa ya bar maka ragowa?" Ya yi dariya, sannan ya ga ba mu taya shi sosai ba. Ya ajiye ludayin. "Na ji labari. Allah ya jiƙansa. Nan yake zama, nan daidai inda yarinyar nan take. Ya sha shayi ya bar mini ganye a kofi, daga gashin kansa suke faɗowa."

Ya cika wa Auta kofi ya yanka mata burodi mai kauri, ya ce idan ba ta cinye ba zai kira karen gidan can. Ta cinye. Rabon da in ga ta ci abu haka tun kana nan.

Da la'asar ta yi sanyi muka kai layin ƙarshe, inda kwalta ta ƙare ciyawa ta karɓa. Wani tsohon gida ne a wurin, rufinsa ya tafi, katangarsa ta zube ta gefe guda. A tsakiyar filin wata bishiya take tsaye, ban san sunanta ba, har yau ban ji wanda ya sani ba. Ta fi duk waɗanda muka wuce girma. Rassanta sun sauko har suna shafar ƙasa, ganyenta kore mai duhu, yana ƙyalli kamar an shafa masa mai. Mun yini muna jin tsuntsaye a kanmu. A nan babu ko ɗaya.

Auta ta zagaye ta tana kallon sama. Ta dawo ta ce, "Wannan bai taɓa ta ba. Ko wuri ɗaya."

"Wataƙila tsaninsa bai kai ba."

"Kuma babu irinta a gwangwanayensa."

Sai ta zaro 'yar wuƙarka ta aljihu, ban ma san ta ɗauko ta ba. Ta zaɓi reshe mai kaurin yatsa, ta nemi ido inda ganye yake tsirowa, ta yanka a ƙarƙashinsa a karkace, ta zage ganyen ƙasa ta bar na sama, duk yadda ka koya mata a tsakar gida. Wani farin ruwa kamar madara ya tsatso ya bi mata yatsu. Yaya, wallahi a lokacin daɗi na ji. Na ga hannunka a hannunta. Abin da kawai na lura da shi, iskar da ta yini tana kaɗa mana riga ta tsaya cak, kuma ba ta sake motsi ba har muka fita daga layin.

Ta dasa shi a gwangwanin madara, ta sa shi a ƙarshen jeri. Reshe yakan yi kwanaki yana shawara kafin ya kama. Wannan bai yi shawara ba. Kafin mako ya zagayo ya fitar da sabon ganye, jijiyarsa ta leƙo ta ramin gwangwanin.

Wata yamma, irin kowace yamma, Inna tana tsince shinkafa a faranti, ni ina wanke ƙafa a bakin rariya, rediyon maƙwabta yana ta surutu. Rana ta faɗa bayan katanga, hasken ya koma ja. Sai muka ji ƙwas a kan kwanon rufi. Inna ba ta ko ɗago ba, ta ce, "'Ya'yan gidan bayan nan, Allah ya shirye ku." Aka sake. Aka sake. Sannan suka zubo da yawa, suna gangarowa ta kan kwanon suna faɗowa gabanmu. Na fita da gudu na zagaya lungu, babu yaro, babu babba, ko akuya babu. Da na dawo na tarar da Inna riƙe da ɗaya a tafin hannu. Ba dutse ba ne. Ɗan itace ne, kore, mai tauri, da ɗigon farin ruwa a inda aka tsinke shi. Babu bishiya mai irin wannan 'ya'ya a duk unguwarmu.

Washegari gab da magariba aka sake, kwana na uku ma haka. Kullum sai hasken ya yi ja, kullum kuma ana kiran salla ake dainawa. Sai murya ta biyo baya. Ba magana ba ce, wani gunji ne a hankali, irin wanda mace take yi in tana jijjiga jariri a kafaɗa. Daga wajen gwangwanayen yake fitowa. In ka matsa sai ya koma bayanka. Inna ta daina tsince shinkafa a waje. Muka riƙa cin abinci a ɗaki, ƙofa a rufe, ba mai kallon wani.

Auta ita ba ta ji tsoro ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta bar sauran gwangwanayen suka fara yaushi, ta tare a gaban ɗaya. Ta daina zuwa makaranta, ta daina cin abinci sai an matsa mata. Takan zauna ta naɗe ƙafa, tana kaɗa jiki gaba da baya. Wuyanta ya rame har ana ƙirga ƙasusuwan. Na kai ta asibiti aka auna jini aka ce babu komai, aka ba mu maganin ƙarin jini muka dawo.

Ranar da Inna ta ɗauki tsintsiya za ta share gefen gwangwanin, Auta ta riƙe mata hannu. Ba ta ɗago kai ba.

"Ki yi a hankali, baiwar Allah. Yana barci."

Yaya, ba muryar Auta ba ce. Muryar babbar mace ce, mai kauri, wadda ta gaji. Tsintsiyar ta faɗi. Inna ta ja da baya har ta bugi randa, tana salati, sannan ta dube ni ta ce, "Jeka ka zo da Malam. Ko me yake yi ya bari."

Ka san shi, tsohon nan mai tabarau da aka ɗaure da zare, wanda ya yi maka addu'a lokacin da ka faɗo daga tsani. Ya zo bayan la'asar, da butarsa da carbinsa. Ya tsaya a tsakar gida ya daɗe yana kallon jerin gwangwanayen, ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, ya tsaya a kan na ƙarshe. Bai taɓa shi ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma aka zaunar da Auta, Inna a bakin ƙofar ɗaki, ni a bayan Auta ina riƙe da kafaɗunta.

Ya ce mini, "Saurayi, ka ji da kyau. Duk abin da za a faɗa, ni ake faɗa wa. Ko sunanka aka kira, kai kurma ne. Ka ji?"

Na ce na ji.

Ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta rawa. Inuwar katanga ta riƙa jan jiki tana tahowa har ta rufe tabarmar. Kafaɗun Auta suka yi sanyi a hannuna, sannan suka yi nauyi, nauyin da yarinya ba ta da shi. Ta ɗago kai a hankali, idanunta a kan Malam, ba ta ƙiftawa.

"Ya isa, dattijo. Kana ƙona ni, kuma za ka tashe shi."

"Ke wace ce?"

"Uwa ce, irin waccan da take kuka a bakin ƙofa."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

"Mutane ne suka fara zuwa gidana." Ta juya kai wajen gwangwanin. "Ɗana yana kwance a reshen nan aka yanko shi. Na waiga ban gan shi ba. Na bi warin ruwansa har nan."

"Yarinya ce. Ba ta sani ba."

"Wanda ya koya mata ya sani. Mai tsanin nan. Bai taɓa ɗora ƙarfe a jikin itace ba sai ya ƙwanƙwasa gindin da bayan adda ya yi sallama, ya saurara. Ya zo wurina sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa, na amsa masa. Ya ce a gafarce shi, ya saɓa tsaninsa ya tafi. Mutumin kirki. Ya koya mata yanka bai koya mata sallama ba."

Yaya, a gida kawai take ganinka, a gaban gwangwani. Ba ta taɓa ganinka a gindin bishiya ba. Ni ma haka.

Malam ya ce, "To an yi kuskure. Za a mayar miki da abinki, ki fita."

Ta yi wata dariya marar daɗi da bakin Auta. "A mayar? Ya riga ya kama ƙasarku. In an tuge shi ya mutu. Ku riƙe nawa, in riƙe taku. Ba ta da nauyi, kuma tana da hannu mai kyau."

Inna ta yi ƙara ta yunƙuro, Malam ya ɗaga mata hannu ba tare da ya waiga ba. Ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Auta ta riƙa murɗewa a hannuna, bayanta yana lanƙwasa, 'ya'yan itacen nan suka shiga zubowa a kan kwano kamar ƙanƙara. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba. Na dai ga gumi yana bin gemun Malam, na ga hasken ya fara ja.

"Tsaya! Tsaya, na ji!" Numfashinta yana fita da ƙyar. "A kai shi da gwangwaninsa, da ƙasarsa. A dasa shi a gindina. Amma ƙarami ne, inuwata za ta hana shi ruwan sama. Sai an shayar da shi da hannu, kullum, har ya yi girman da mutum zai zauna a inuwarsa."

"Babu sharaɗi tsakanina da ke. Za a mayar, ki fita, shi ke nan."

"In ya bushe, ta bushe. Ka karanta har gobe, dattijo, ni uwa ce, ba inda za ni." Sai ta mayar da kan Auta baya, har idanun suka sami nawa. Fuskar Auta ce, Yaya, da ɗan tabon nan na goshi, amma wata ce take leƙowa ta ciki. "Wa zai shayar?"

Na ji ƙasusuwan kafaɗarta a tafina kamar na ɗan tsako. Bakina ya riga ni.

"Ni."

Malam ya rufe ido. Ita kuwa ta yi ajiyar zuciya, doguwa, ta ce, "Na ji ka, ƙanin mai tsani." Auta ta yi atishawa mai ƙarfi ta sulale a jikina. Ganyayen gwangwanayen nan duka suka kwanta gefe guda, wajen ƙofar gida, kamar wani abu mai faɗi ya bi ta kansu ya fita. Sannan aka kira salla.

Da zai tafi, Malam ya tsaya a zaure yana neman takalminsa da ƙafa. Bai kalle ni ba. "Na ce maka kai kurma ne. Da ka bar ni da ita, da ta fita ba ta riƙe komai ba. Yanzu ka ba ta igiya. Su ba sa manta magana, ba kamar mu ba."

Da sassafe na ɗauki gwangwanin a ƙirji na shiga bas. Mutane suna ta kallona, wani ya ce ko amarya zan kai wa. Na bi layukan nan ban ɗaga kai ba. Da na isa na ajiye shi, na ƙwanƙwasa gindin bishiyar da bayan addarka, na yi sallama, na saurara. Daga can ciki, a hankali, aka ƙwanƙwasa mini. Na yi rami, na yanke gwangwanin ta gefe don kada jijiya ta tsinke, na dasa, na zuba ruwa.

Tun daga ranar ban fasa zuwa ba. In na tashi daga aiki sai in wuce, mai shayi ya cika mini jarka a famfonsa. Ya tambaye ni sau ɗaya, na ce wasiyyarka ce. Ya ce, "Gidanku dai akwai kunnuwa akwai taurin kai," bai sake tambaya ba. Auta ta warware. Ba ta tuna komai, sai dai ta ce ta yi dogon barci a wuri mai sanyi. Ta koma makaranta, kumatunta sun dawo, har faɗa take yi da ni a kan wanke-wanke. Reshen ya kai gwiwata. Inna ta saba, in na shigo sai ta rage murya ta ce, "Ya ɗan mutanen?" In ce yana lafiya, sai ta ci gaba da abin da take yi.

Yau da na karya kwanar layin ƙarshe na ga mota a tsaye. An share ciyawar gaba, an kafa turaku, an ja igiya daga wannan zuwa wancan. An sauke kwanon rufi a gefe, irin wanda ake kewaye fili da shi. Wani mutum mai hular ƙarfe yana wanke buroshi a bokiti. A jikin bishiyar, daidai inda nake ƙwanƙwasawa, an shafa jan fenti, babba, bai gama bushewa ba. Igiyar ta bi ta kan ɗan reshen har ta lanƙwasa masa kai.

Na ce, "Sannu da aiki, maigida. Me za a yi a nan?"

"An sayar. Bene za a tayar."

"Bishiyar fa?"

Ya kalle ta, ya kalli jarkata. "Ai ka ga fenti. Injin muke jira, da ya iso za a kwantar da ita a kwashe ƙasar. Gobe ma za mu kewaye, a sa mai gadi. In itacen girki kake so ka zo da wuri, masu so da yawa."

Na jira har ya juya baya. Na ɗaga igiyar daga kan reshen, na zuba masa ruwan duka. Na ƙwanƙwasa, fentin ya kama mini hannu. Na yi sallama na saurara har ƙafafuna suka gaji. Ba a amsa ba.

Na wanke hannuna a famfon mai shayi kafin in hau bas. Da na shigo gida Auta tana zaune a tsakanin ƙafafun Inna ana taje mata kai, tana ihu tana dariya, wai Inna so take ta cire mata kunne. Inna ta ɗago ta rage murya ta ce, "Ya ɗan mutanen?"

Na ce ya yi sabon ganye. Kuma gaskiya ne, Yaya, ya yi.

Kai ka san yadda ake roƙon mazauna bishiyoyin nan, ni sallamar kawai na koya, ita ma a makare. Ga Inna da Auta can ina jin dariyarsu ta taga, hasken ya fara ja a kan katanga. Ban gaya wa kowa ba tukuna.